Sabuwar Wutar Gwaggo

Duk wanda ya girma a Madarumfa ya san Gwaggo, ko bai gan ta ba ya ji tarinta da safe. Tarakta ce, tsohuwa tukuf, mai ruwan toka, da ta shigo ƙasar tun zamanin da gyaɗa ke da daraja. Da ƙungiyar manoman gyaɗa ta watse aka raba kayanta, sai Gwaggo ta faɗa hannun Alhaji Ɗan Baba, shi kuma ya ɗora babban ɗansa Ilyasu a kanta tun gemu bai tsiro masa ba. Yau gemun ya yi fari fat, Alhaji ya daɗe da rasuwa, amma har gobe in ka ce Ilyasu a garin sai an tambaye ka wanne, in ka ce mijin Gwaggo kowa ya gane. Ba ya jin haushin sunan. Matarsa Balaraba ma takan ce da ita aka ɗaura aure, amma da ƙarfe ake zaman.

Da aka zo rabon gado an raba gida, an raba gonaki, aka iso kan tarakta aka tsaya, don ba ta yankuwa uku. Su uku ne kuwa: Ilyasu, da ƙanensa Adamu mai fataucin hatsi tsakanin nan da Jibiya, sai autarsu Ruƙayya, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya. Aka bar Gwaggo a hannun Ilyasu bisa sharaɗin kowace damina ta yi wa gonakinsu uku huɗa. Gonakin a bakin gulbi suke, ƙasa ce mai nauyi da ke karya ƙugun mai fartanya. Shekara da shekaru haka ake yi, ba wanda ya sake tada maganar.

Sai dinamo ya mutu. Shi ne ɗan injin da ke ba tarakta wuta yana cika batiri, kuma na Gwaggo an naɗe shi an sake naɗewa har masu naɗin Maraɗi suka ce wa Ilyasu ya yi haƙuri, ba sauran abin da za a naɗa. Batirin ma ya bi sahu. Irin nata mai ƙarfin wuta bol shida ne, na mutanen da, duniya kuwa ta koma bol sha biyu tuntuni. Ilyasu ya zaga Maraɗi, ya ƙetara Katsina, ya yi aike har Kano. Duk shagon da ya ambaci bol shida sai su dube shi kamar ya zo sayayya da wuri a cikin jaka.

Damina biyu Gwaggo na tsugune a gindin itacen bedi a ƙofar gida, kaji suka mai da ƙarƙashinta ɗakin ƙwai. Kowace safiya Ilyasu sai ya share mata ƙura, ya duba mai, ya murza injin da hannu don kada ya kafe. Adamu ya ɗauki masu garmar shanu suka yi masa huɗa. Ruƙayya rabin gonarta ta iya shukawa, sauran ciyawa ta cinye.

Kada a ɗauki alhakin Adamu, ba mugu ba ne. Mutum ne dai da in ya ga abu a tsaye ba ya motsi, sai ya fara tunanin nauyinsa a kan sikeli. Wata rana da rani ya zo da wani mai sayen tsohon ƙarfe, mutumin ya zaga Gwaggo yana shurin taya yana ƙwanƙwasa mata ciki da mabuɗin babur. Ilyasu ya fito ya kore shi ba ko sallama. Magana ta yi tsami har ta kai gaban liman.

A zauren liman Adamu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yaya, ni ba ƙin ta ni kai ba. Amma abin ga namu ne mu ukku, kai ɗai ka jin daɗin kallonta."

Ruƙayya na zaune bayan asabari, zuwan nata ya fi maganar Adamu yi wa Ilyasu ciwo. Liman ya yanke: bana in ruwa ya sauka Gwaggo ta huɗe gonaki uku kafin a gama shuka, ta zauna inda take; in ta kasa, a sayar wa mai ƙarfe a raba. Ilyasu ya ce ya yarda. Ya fito yana jin kamar an sa masa ranar da za a kwashe shekarunsa arba'in a mota a wuce da su.

Shu'aibu mai gyaran wutar mota na bakin tasha ne ya kawo shawarar. Ya ce a daina wahalar neman abin da ya mutu tare da zamaninsa. A cire dinamo a jefar, a ɗaura altanato irin na motocin yanzu, a mai da Gwaggo bol sha biyu, batirin da ko'ina ake samu. Ilyasu ya kwana uku yana juya maganar. Tsoronsa kada wutar ta yi mata yawa, tsohuwa ce, ba ta saba ba. Amma da ya duba gabas ya duba yamma bai ga wata ƙofa ba, sai ya koma ya ce a yi.

Kayan aiki ba da fatar baki ake samunsu ba, rumbun Ilyasu kuwa damina biyu bai ga abin kirki ba. Ranar kasuwa Balaraba ta kwance awakinta ta ja su da kanta, ta bar uwar garke ɗaya mai ciki. Da ta dawo ta ajiye masa ƙullin kuɗin a kan tabarma ta ce ba don Gwaggo ta yi ba, ta gaji ne da ganin namiji zaune a ƙofar gida yana hira da ƙarfe.

Kwana tara Shu'aibu na zuwa gindin bedin nan. Altanaton daga wata motar haya da ta yi haɗari ya ciro shi, ya wanke da isansi, wato fetur, har yana ƙyalli. Bai zauna a gurbin dinamo ba, sai da mai walda ya ƙera masa ƙafa. Aka zo ɗaura bel aka tarar na Gwaggo mai faɗi ne, bakin altanato kuma siriri, aka ɓata yini guda ana dasa masa gargaren tsohon dinamo. Wayoyinta na da masu rigar zare ne, kana taɓawa suna marmashewa, Shu'aibu ya zare su duka ya ja sababbi. Ya canza bobin, wato ɗan tulun da ke aika wa buji tartsatsi, ya canza ƙwayayen fitila. Ya kuma juya kawunan batiri, don ita Gwaggo tun asali jan kai ne ke haɗe da jikinta, sabon tsarin kuwa baƙin kai ne. Abu ɗaya ya bari, demarar mai tada injin, ya ce wannan zai iya ɗaukar sabuwar wuta muddin ba a matsa masa ba.

Ilyasu na tsaye a kansa tun safe har la'asar. Duk kusar da aka kwance sai ya tambayi dalili, duk wayar da aka yanke sai ya runtse ido. Shu'aibu mai haƙuri ne, amma ran kwana na shida sai da ya ce masa ko likita ba ya barin dangi a ɗakin aiki. Ilyasu ya matsa taku biyu, can kuma ya dawo.

Ranar da za a tada ta unguwa ta taru. Ilyasu ya san tashin Gwaggo kamar yadda ya san muryarsa: sai ta yi nishi, ta yi gunaguni, ta yi kamar ta fasa, sannan ta kama. Ya hau, ya yi bisimilla, ya danna. Kafin ya ɗauke yatsa injin ya kama, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, kaji suka watse. Sai da gabansa ya faɗi, don bai taɓa jin ta amsa kira da wuri haka ba. Daga nan dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har hawaye. Rabon da ya ji daɗi irin wannan ya manta. Da yamma ya zaga da ita bakin tabki ya dawo, masunta na ɗago masa hannu, wani na cewa an sake ɗaura auren Gwaggo.

Shu'aibu bai tafi ba sai da ya yi masa karatu. Ya shafa jan fenti a kan waya da kan batiri don kada hannun tsoho ya koma ga sabonsa ya haɗa a juye. Ya nanata masa kada ya daɗe yana danne da demarar, in ba ta tashi ba ya saki ya huta. Ya nuna masa 'yar jar fitila da za ta mutu in caji na tafiya. Ya faɗi duk abin da ya san mutum na iya yi ba daidai ba. Abin da bai faɗa ba shi ne wanda bai san ana yi ba, don bai taɓa bin Ilyasu gona ba.

Ga yadda abin yake. A zamanin Alhaji batiri ba ƙaramin abu ba ne, sai an yi wata ana jiran a kawo shi daga Yamai, kuma girgizar huɗa na karkaɗe masa ciki ya mutu da wuri. Don haka Alhaji ya koya wa ɗansa cewa da an isa bakin gona, injin na aiki, a sauka a kwance batiri a kai shi inuwa a rufe da jiƙaƙƙen buhu. Dinamo ya isa ya riƙe injin shi kaɗai. Sai an tashi komawa gida a mayar da shi ya sha caji a hanya. Da wannan dabarar Ilyasu ke shekara bakwai da batiri ɗaya, kuma yana alfahari da ita. A wurinsa ba wata dabara ba ce ma da za a tsaya bayani, kamar cire takalmi ne a ƙofar masallaci.

Ruwa ya makara, sai da aka fita roƙo sau biyu. Ran wata Talata da la'asar hadari ya haɗo daga gabas ya zuba har gulbi ya motsa. Laraba da sassafe Ilyasu ya kama hanya, garma a ɗage a baya, 'yar jar fitila ta mutu kamar yadda aka ce. Ya yanke shawarar farawa da gonar Ruƙayya, ita ta fi cutuwa. Ya tarar da ita can ta riga shi, da ƙwaryar iri da goran fura a gindin tsamiya. Ƙasa ta sha ruwa daidai, ba ta caɓe ba, ba ta yi tauri ba. Ya lissafa a ransa, kwana biyu nan, biyu gonar Adamu, tasa ta zo ƙarshe.

Ya tsaya a bakin gona ya bar injin na aiki, ya sauka da sifana. Sabon batirin nan awakin Balaraba ne, bai ga dalilin da zai bar kunya ta girgiza shi ba. Ya kwance baƙin kai, ya kwance ja. Wuta ta ɗan yi tartsatsi, muryar injin ta sirance kaɗan, bai kawo komai ba. Ya rungumi batirin ya kai gindin tsamiya, ya shimfiɗa buhu ya ɗora, ya jiƙa wani ya lulluɓe. Ruƙayya ta yi murmushi ta ce yau ta tuna da Baba.

Ya hau ya sauke garma ya ƙara wuta. Ƙasa ta fara kifewa baƙa wuluk, ƙamshinta na tashi. Ya kai ƙarshen kunya ta farko ya juyo, ya yi ta biyu. Yana tsakiyar ta uku ya ji ƙaurin roba. Kafin ya gane daga ina yake, farin hayaƙi ya fito ta gefen injin, ƙwan fitilar gaba ya fashe, Gwaggo ta yi tari biyu ta yi shiru.

Ya sauko da gudun da ya fi ƙarfin shekarunsa, ya ɗauko batiri ya mayar, ja a kan ja. Ya danna. Demarar ya juya injin da ƙarfi, amma ba ta kama ba. Ya sake. Ya san an ce ya saki ya huta, yana jin muryar Shu'aibu a kunnensa, amma ga ƙasa a jiƙe, ga rana na ɗagawa, ga Ruƙayya tsaye da ƙwarya. Ya danne ya ƙi saki yana kiran sunan Allah, har juyin ya yi sanyi, wani sabon ƙauri ya taso daga ƙarƙashin ƙafarsa. Daga nan ko ƙas ba ta ƙara cewa ba.

Shu'aibu ya iso kan babur kafin azahar. Ya taɓa altanato ya janye hannu, ya shinshina bobin, ya bi wayoyin da ya ja da hannunsa ya tarar sun narke sun manne da juna. Ya daɗe yana kallo, abin bai shiga kansa ba. Can idonsa ya kai kan jiƙaƙƙen buhu a gindin tsamiya, da shatin abu mai kusurwa huɗu a kan na ƙasa.

Ya ce, "Baba, ina batiri shike sa'adda abin ya hwaru?"

"Can inuwa. Ban bari ko girgiza guda ta same shi ba."

"Injin na aiki kunka cire shi?"

"Kamar kullum."

Shu'aibu ya zauna a kan kunya, bai damu da laka ba. Ya yi masa bayani a hankali, cewa altanato ba dinamo ba ne, wutarsa kamar gulbi take in ya kawo, batiri ne tabkin da take zuba. In ka ɗauke tabkin, ruwan cikin gari zai bi. Ilyasu ya gane tun kafin a kai ƙarshe. Da wani ne ya yi masa wannan ɓarna da ya san inda zai kai fushinsa. Hannunsa ne, kuma cikin lallashi ya yi.

Ya ce, "Mi ya hana ka hwaɗa mini?"

"Baba, wallahi ban san ana haka ba."

Ba su sallama nan take ba. Shu'aibu ya koma shago ya kawo wani tsohon bobin, ya ja waya biyu kai tsaye daga batiri, ya ce za ta yi aiki da abin da ke cikinsa har ya ƙare, caji dai babu. Demarar ya riga ya ƙone, irinsa kuwa sai a lahira, don haka Ilyasu ya zaro maniwal, ƙarfen murza injin da hannu, ya yi ta fama har kafaɗarsa ta ƙage. Washegari ta tashi. Ta yi kunya goma sha ɗaya, batiri ya ƙare, ta mutu a tsakiyar gona. Aka ɗauki batirin a babur zuwa gari, aka tarar an ɗauke wuta. Kwana biyu yana jiran caji. Wani altanato sai Maraɗi, da sababbin wayoyi, aikin mako guda in an samu abin saye. Ilyasu ya shiga gida ya ga akuyar Balaraba ta haihu, 'ya'ya biyu na tsotso. Ya tsaya ya dube su ya wuce ɗaki, bai iya roƙon Balaraba ta sayar da ita ba.

Duk bakin gulbi mutane sun duƙufa, mai shanu da shanu, mai sungumi da sungumi. Adamu ya jira kwana uku sannan ya kira masu garma. Ruƙayya ta jira biyar. Ran na shida ta same shi zaune a inuwar tayar Gwaggo, ta durƙusa ta gaishe shi, ta daɗe tana wasa da bakin mayafi.

"Yaya, ƙasa na bushewa. Ka yahe mini, sungumi za ni sawa."

Ya ce ta sa, ita ke da gafara ba shi ba. Ya zauna yana kallo ita da 'ya'yanta mata suna sara suna jefa iri suna takewa, da suka iso kan tarakta suka kewaye ta suka ci gaba.

Bayan mako guda dawa ta tsiro ko'ina. Adamu ya zo gida da hantsi, suka gaisa, ya tambayi kafaɗa, ya tambayi iyali, ya yi maganar ruwa. Da zai tashi ya ce liman na gaishe shi. Ilyasu ya ce ya ji, a kira mai ƙarfen.

Motar mai ƙarfe ba ta iya shiga gona, sai aka ɗaura wa Gwaggo igiya aka kawo bijimai huɗu. Aka rasa mai riƙe sitiyari, don nata na da lalo, sai ka murza kusan rabi kafin taya ta ji. Ɗaya daga mutanen mai ƙarfe ya gwada ya nufi shukar Ruƙayya. Ilyasu ya ce ya sauka. Ya hau ya zauna, shanu suka ja, ya bi da ita tsakanin layukan dawa a hankali, ba ta taka ko tsiro ɗaya ba har bakin hanya.

A can aka ga ba ta ɗaukuwa a dunƙule, sai an rarraba ta. Ma'aikatan mai ƙarfe ƙarti ne uku da guduma da kurfi. Na farko ya ɗora kurfi a kan kusar murfin injin ya ɗaga guduma ya sauke, ƙarar ta kai har bakin tabki. Ya ɗaga zai ƙara, Ilyasu ya riƙe masa hannu.

"Ba haka a ka yi mata ba. Wagga hagu ta ka kwancewa. Kawo."

Ya zaro sifanunsa daga aljihu ya durƙusa. Ƙartin suka dubi maigidansu, shi kuma ya ɗaga kafaɗa, aikin da za a yi masa a banza bai ga abin musu ba, suka koma inuwa suka zauna. Ilyasu ya kwance murfi, ya kwance tankin mai, ya sauke radiyato, ba kusar da ta yi masa gardama. Ya cire rawaninsa ya shimfiɗa a ƙasa, duk kusar da ya zare sai ya goge ta da bakin riga ya ajiye a kai, na murfi a layinsu, na tanki a nasu, kowace da wanshinta, yadda ba za a rikice ba in an zo mayarwa.

La'asar ta yi, an loda manyan ƙarafa, direba na ta matsa oda. Mai ƙarfe ya zo ya tsaya a kan tsohon ya ce su ma waɗannan cikin awo suke. Ya kama bakin rawanin ya ɗaga, kusoshin suka gangara suka haɗu a tsakiya, ya juye su cikin bokiti. Ya kakkaɓe rawanin sau biyu ya miƙa wa Ilyasu.